Rabi da Sulusi Nawa Ke Nan? Fashin Baƙi Kan Koyar da Lissafin Kaso a Ƙaramar Sakandare

Shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, ka rubuta 1/2 + 1/3 a allo, ka nemi amsa. Kafin ka ajiye alli hannuwa sun tashi, kuma da yawansu 2/5 za su ce maka. Sun tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. To goge allon, ka juya ga ɗaya daga cikinsu ka tambaye shi da Hausa: "Inna tana da rabin mudun gero, sai maƙwabciya ta ƙaro mata kashi ɗaya cikin uku na mudu. Abin da ke ƙwaryarta yanzu ya kai rabin mudu, ko bai kai ba?" Zai dube ka ya ce, "Haba Malam, ai ya wuce rabi, ya ma kusa cika mudu." Gaskiya ya faɗa, domin amsar 5/6 ce. Amma 2/5 ɗin da ya rubuta ɗazu ko rabi bai kai ba. A takarda ya yarda an ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi, abin da ba zai taɓa yarda da shi a gaban mai awo ba.

Wannan giɓi tsakanin abin da yaro ya sani a kasuwa da abin da yake rubutawa a aji shi ne abin da nake son mu warware. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan sanin kima shi ne ginshiƙin lissafi: ka ga lamba, ka san girmanta, ka san da wa take kusa, ka ji a jikinka idan amsa ta kauce hanya. Yaranmu suna da shi a kan cikakkun lambobi. Inda yake ɓace musu shi ne ranar da aka gabatar musu da lambobin kaso, wato duk lambar da za a iya rubuta ta a matsayin cikakkiyar lamba bisa wata cikakkiyar lamba wadda ba sifiri ba. 3/4 tana ciki, 0.75 tana ciki, kashi 75 cikin 100 yana ciki, kuma dukansu ukun lamba ɗaya ce ta sauya riga. Har 5 ma tana ciki, tunda 5/1 ce, haka nan −1/2.

Kada wani ya ɗauka matsalar yaranmu ce kawai. A 1978, a jarrabawar auna ilimi ta ƙasa a Amurka, an tambayi yara masu kimanin shekara 13 cewa 12/13 + 7/8 ya fi kusa da wanne: 1, 2, 19 ko 21? Kashi 24 cikin 100 ne kacal suka zaɓi 2. Sama da rabinsu 19 ko 21 suka ɗauka, wato sun tara na sama kaɗai ko na ƙasa kaɗai. Alhali ba a buƙatar biro a nan. 12/13 saura ƙiris ta cika ɗaya, 7/8 ma haka, to ɗaya da ɗaya biyu. Sannan a 2012, Robert Siegler na Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsa suka bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa yadda yaro ɗan kimanin shekara 10 ya fahimci kaso da rabawa yana nuna yadda zai kasance a aljebra da sauran lissafi bayan shekara biyar ko shida, ko da an yi la'akari da basirarsa da halin gidansu. A wurinmu ma'anar wannan a fili take. Yarinyar da ta tsani lissafi a babbar sakandare, ta guje wa ajin kimiyya, sau da yawa a aji ɗaya ko biyu na ƙarama igiyar ta tsinke, ba wanda ya lura.

Me ya sa abin yake da wuya haka? Domin shekara shida yaro ya yi a firamare yana tara ƙa'idoji, kuma dukkansu gaskiya ne a kan cikakkun lambobi. 8 ta fi 6. Lamba mai tsawo ta fi gajera girma. Bayan 4 sai 5, ba komai a tsakani. Idan ka ninka abu ƙaruwa yake, idan ka raba raguwa yake. Rana ɗaya sai lambobin kaso su zo su rushe su duka. 1/8 ba ta kai 1/6 ba. 0.125 da tsawonta ba ta kai 0.5 ba. Tsakanin 0.4 da 0.5 akwai 0.45, kuma tsakanin 0.45 da 0.46 akwai wasu, har abada ba sa ƙarewa. Ka ninka 800 da rabi ka samu 400, ka raba 3 da rabi ka samu 6. Yaron da ya yi kuskure a nan tunani yake yi, da kayan aikin da muka ba shi kuma ba mu gaya masa iyakarsu ba. Ni ban ga dalilin yi masa tsawa ba. Duniya kanta ta daɗe kafin ta daidaita wannan rubutu. Mutanen tsohuwar Masar kusan duk kasonsu mai ɗaya a sama ne, 3/4 sai su rubuta ta rabi da kwata. Layin da muke ja tsakanin lambar sama da ta ƙasa a rubutun al-Hassar, masanin lissafi na Magrib, wato yammacin Arewacin Afirka, a ƙarni na 12, aka fara ganinsa. Lamba mai ɗigo kuwa, duk da al-Uƙlidisi ya yi aiki da ita a Dimashƙa a ƙarni na 10, ba ta bazu a Turai ba sai bayan rubutun Simon Stevin na 1585. Abin da ya ci masana ƙarnuka, mu muna so yaro ya haɗiye shi a mako uku.

Bari in koma kan 2/5 ɗin nan, domin akwai wani abu a cikinsa da malamai da yawa ba su lura da shi ba. Mu ne muka koya wa yaro tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Ka ba shi gwaji, ya ci 7/10. Ka sake ba shi wani, ya ci 8/10. Ka rubuta masa jimla 15/20. Ya gani da idonsa, a takardarsa, da jan bironka. A wurin maki hakan daidai ne, saboda ana haɗa tambayoyi ne wuri ɗaya, ma'aunin kansa yana girma daga goma zuwa ashirin. Amma a rabin mudu da sulusin mudu, mudun bai sauya ba, guda ɗaya ne. Muddin ba a zauna an bambance masa waɗannan biyun ba, duk ƙa'idar da za ka haddatar masa a kan tsohon ginin za ta zauna, kuma ranar jarrabawa tsohon ne zai fito.

Tambayar da ya kamata ta zama ruwan sha a aji ita ce: rabin me? Rabin buhu da rabin mudu duk rabi ne, amma ba wanda zai musanya. Ko mudun ma ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kowane yaron da ake aike ya san haka. Kuma kashin da za a yi dole ya zama daidai wa daida. Yara suna cewa "ni a ba ni babban rabin", kuma wannan magana ƙofa ce mai kyau: in akwai babba da ƙarami, to ba a raba biyu daidai ba, don haka babu rabi. Kawo rake aji. Mai gaɓa biyar ne, amma gaɓar gindi da ta sama tsawonsu ba ɗaya ba. Shin gaɓa ɗaya 1/5 ce ta raken? Bar su su yi gardama, za su iso wurin da kansu.

Littattafan da muke amfani da su sun fi son zana da'ira a yanka ta a shafa wa wani yanki baƙi. Ba laifi a matsayin farawa, amma in an tsaya a nan an yi ɓarna. Yaron da ya san kaso a matsayin "yanki uku cikin huɗu" kawai, in ya ga 7/4 sai ya tsaya cak: ta yaya za a ɗebi bakwai daga cikin huɗu? Abin da ya fi da'ira shi ne layin lambobi, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Ɗaura igiya daga taga zuwa taga. Maƙala takarda mai 0 a wannan gefe, mai 2 a wancan, ka sa yaro ya nemo inda 1 za ta zauna. Sai ka raba wa yara 'yan takardu: 1/2, 3/4, 7/4, 0.3, 1/3, 9/10, kashi 50 cikin 100, 1.25, 5/4. Kowa ya fito ya rataye tasa, ya gaya wa aji dalilinsa. Mai 1/2 da mai kashi 50 cikin 100 za su yi karo a wuri ɗaya, haka mai 1.25 da mai 5/4, kuma daga wannan karon ne yaro zai gane cewa lamba ɗaya ce da suna biyu. Mai 0.3 da mai 1/3 za su yi jayayya kan wa ke gaba, kuma jayayya ce mai albarka. Na gwada wannan a ajin da yara suka yi yawa har wasu na zaune a ƙasa, kuma ya yi aiki, domin waɗanda ba su fito ba su ne alƙalai. Daga baya sai ka tsawaita igiyar ta hagun sifiri, bashi ya shigo: wanda ake bi rabin dubu ya fi wanda ake bi dubu ɗaya sauƙi, shi ya sa −1/2 ta fi −1.

A kan igiyar nan ne yaro zai koyi dogaro da turaku uku: sifiri, rabi da ɗaya. Wanne ya fi girma, 4/9 ko 5/8? Ba sai an nemi lambar ƙasa ta tarayya ba, wato lambar da 9 da 8 duk za su shiga cikinta ba saura. Rabin tara huɗu da rabi ne, don haka 4/9 ba ta kai rabi ba. Rabin takwas huɗu ne, don haka 5/8 ta wuce. An gama. To 7/8 da 9/10 fa? Ta farko saura 1/8 ta cika, ta biyu saura 1/10, wadda giɓinta ya fi ƙanƙanta ita ce babba. Irin wannan tunani na auna lamba da maƙwabciyarta a cikin harshenmu yake tun asali. Muna cewa ashirin ba ɗaya, muna cewa ɗari ba biyar, muna cewa ƙarfe biyu saura kwata. Bahaushe ya saba kallon cikakkiyar lamba ya faɗi abin da ya rage a kai gare ta. Abin takaici, da yaro ya shiga aji sai mu sa shi ya ajiye wannan a bakin ƙofa tare da takalminsa.

Akwai wata taska kuma da ta fi wannan girma, wadda nake ganin makarantun boko a ƙasar Hausa sun yi sakaci da ita. Muna da sunayen kaso tun daga biyu har goma, waɗanda muka aro galibinsu daga Larabci: rabi, sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i, ushuri. Yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma yana jin wasunsu a karatun zakka da na gado. Ɗauki zakkar kuɗi. Malamai suna cewa rubu'in ushuri ake fitarwa. Tsaya ka dubi wannan kalma da kyau: kashi ɗaya cikin huɗu na kashi ɗaya cikin goma. Wato 1/4 × 1/10, wanda ya ba da 1/40. A kowace naira dubu arba'in, dubu ɗaya. Shi ne 0.025, shi ne kashi 2.5 cikin 100. A cikin kalma biyu an koyar da ninka kaso da kaso, an nuna cewa ninkawa tana iya ƙanƙantar da abu, an kuma haɗa rigunan nan uku. Zakkar hatsi ma haka: noman damina ushuri, buhu ɗaya cikin goma, wanda aka sha wahalar ban ruwa rabin ushuri, ɗaya cikin ashirin. Tambayi ɗan manomi wanne ya fi yawa, 1/10 ko 1/20, ta wannan hanya, ka ga ko zai ce ashirin.

Rabon gado kuwa makaranta ce sukutum. Kason da Alƙur'ani ya ambata a Suratun Nisa'i shida ne: 1/2, 1/4, 1/8, 2/3, 1/3 da 1/6. A ce mutum ya rasu ya bar mata, uwa, uba da ɗa namiji guda, kuma bayan biyan bashi da wasiyya an samu naira 2,400,000. Matar tana da sumuni, uwa sudusi, uba sudusi, saura na ɗan. Malamin gado zai fara neman abin da yake kira asalin mas'ala, lambar da takwas da shida duk za su shiga cikinta ba saura, wato 24. Matar ta ɗauki 3, uwa 4, uba 4, ɗa 13. A kuɗi, 300,000 da 400,000 da 400,000 da 1,300,000. Wannan asalin mas'ala shi ne dai abin da muke wahalar da yara da shi da sunan neman lambar ƙasa ta tarayya, sai dai a nan yaro yana ganin amfaninsa: ba za ka iya tara sumuni da sudusi ba sai ka yanka dukiyar gunduwa-gunduwa masu girma ɗaya. Ga kuma mas'alar da ke burge ɗalibai masu kaifin kai. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kuma sulusi biyu. 3/6 da 4/6 ya zama 7/6, ya fi dukiyar yawa. Malamai sun ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar aka fara fuskantar irin wannan, aka warware ta da abin da ake kira auli: a raba dukiyar bakwai maimakon shida, miji ya ɗauki 3/7, su 4/7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Ban san wani misali da ya fi wannan nuna wa yaro ma'anar kason da ya haura ɗaya ba. Ba mamaki da al-Khawarizmi, wanda daga littafinsa na ƙarni na 9 kalmar aljebra ta samo asali, ya ware babban sashe na littafin ga lissafin wasiyya da gado.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Malamin lissafi ba fatawa yake bayarwa ba, don haka ya tsaya kan misalan da ya tabbatar da su wurin masana. Kuma a ajin da ke da yaran da ba Musulmi ba, ko waɗanda ba su kai wannan karatu ba, kada ya zama shi kaɗai ne ƙofar shiga. Tela yana nan da tef ɗinsa mai inci da aka tsaga takwas. Mai awo tana nan. Mai POS yana nan: in ya cire naira 100 a kan 5,000, kashi nawa ke nan cikin ɗari, kuma in wani ya cire 150 a kan 10,000, wa ya fi sauƙi? Harajin kayayyaki na kashi 7.5 cikin 100 da aka fara karɓa a Nijeriya a Fabrairun 2020 yana jikin rasit.

Maganar kuɗi ta tuna mini wani abu. Kakanninmu da suka yi ciniki kafin a kawo naira a 1973 sun fi jikokinsu rayuwa da kaso. Sule kwabo goma sha biyu ne, sisi rabinsa, taro kwatansa, nai kashi uku cikin huɗu, fam kuma sule ashirin, ga anini da goma ke yin kwabo. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san taro da sisi nai ne, wato 1/4 + 1/2 = 3/4, ba tare da ta ja layi ba. Yau sunayen sun rage a karin magana kawai, "ba ni da ko sisin kwabo". Kwabon naira ma ya ɓace daga hannu, amma har yanzu wasu littattafai da shi suke koyar da ɗigo, suna rubuta ₦2.50 ga yaron da bai taɓa riƙe kwabo hamsin ba. Inda yake ganin ɗigo a yau shi ne allon famfon gidan mai da kuma data ta waya, 1.5GB da 2.5GB. Can ya kamata malami ya bi shi. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa nasu ya ɗan bambanta: da waƙafi suke rubuta abin da muke sa wa ɗigo, bisa tsarin Faransanci, kuma da dala suke ƙirga kuɗi, kowace dala tamma biyar, don haka yaron Maraɗi ko Damagaram kullum cikin ninkawa da rabawa da biyar yake in an aike shi.

Rabawa ita ce inda haddar ƙa'ida ta fi yin ɓarna. "Juya ta biyun ka ninka." Yaro ya juya, ya ninka, ya ci maki, bai san abin da ya faru ba, bayan wata biyu kuma ya manta wacce ake juyawa. Fara da tambayar gida: akwai shinkafa mudu uku, kullum rabin mudu ake dafawa, kwana nawa za ta yi? Kowa zai ce shida. Rubuta 3 ÷ 1/2 = 6 a ƙarƙashin amsarsu, ka bar su su yi mamakin yadda rabawa ta haifi abin da ya fi uku. Ma'anar ita ce rabi nawa ne a cikin uku. Sai ka matsa: tela yana da yadi biyu da kwata, kowace 'yar riga tana cin kwata uku, riga nawa zai fitar? Yadi biyu da kwata kwata tara ne, a ɗebi uku-uku, riga uku. Bayan misalai irin waɗannan da dama, ƙa'idar juyawa za ta zo a matsayin gajeriyar hanya zuwa garin da suka riga suka sani. Ba na cikin masu cewa a daina koyar da ƙa'idoji ko a daina atisaye. Jarrabawar aji uku tana nan tafe, kuma saurin hannu sai da maimaici. Jeri ne nake magana a kai: kintace tukuna, sannan aiki, sannan a waiwaya a ga ko amsar ta yi kama da kintacen.

Nan ne ma na'urar lissafi ta waya take zama abokiya maimakon abokiyar gaba. Sa su raba 1 da 8, su ga 0.125 ta tsaya. Su raba 1 da 3, su ga uku-uku har allon ya cika. Su raba 1 da 7, su nemo inda lambobi shida suke komowa. Duk lambar kaso ɗayan biyun nan take yi, ko ta tsaya ko ta riƙa maimaita kanta. Daga nan sai a gaya musu gaskiya game da 22/7 da suke amfani da ita a lissafin da'ira: kusa take da pai, wato lambar da ake samu in an raba kewayen da'ira da faɗinta, amma ba ita ba ce. 22/7 tana ba da 3.1428, pai kuwa 3.1415 ce da ci gaba, ba ta tsayawa, ba ta maimaitawa, don haka ba ta cikin dangin kaso sam.

Na san abin da abokan aiki za su ce: manhaja ta yi yawa, zango gajere ne, ga yara ba su iya Turancin da ake koyarwa da shi ba. Duk haka ne. Amma abin da nake roƙo minti biyar ne a farkon darasi. Rubuta tambaya ɗaya, a hana taɓa biro. 0.6 da 0.58, wacce ta fi? Kaya na naira 1,000 an ƙara masa kashi 50 cikin 100, daga baya aka rage kashi 50 cikin 100, ya koma dubu? Bar yaro ya yi bayani da Hausa in da ita tunaninsa ya fi gudu, sannan ku mayar da shi cikin alamomin lissafi tare. Za a samu mai cewa ya koma dubu, za a samu 'yar mai sayar da atamfa da za ta ce a'a, ya hau 1,500, rabin wannan kuwa 750 ne, domin rabin da aka cire ba na kuɗin farko ba ne. Kira ta gaban allo ta nuna wa sauran.